Yadda Za Ka Tantance Gwarzon Mai Tsaron Gida Na NBA Da Kanka, Mataki-Mataki

Duk shekara da watan Afrilu ya kama sai musun nan ya dawo sabo, waye ya cancanci kyautar gwarzon mai tsaron gida a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato ɗan wasan da ya fi kowa iya hana abokan hamayya cin maki, kuma tambayar da ake ta jefo min kusan guda ɗaya ce: wai kai ta yaya kake yanke naka hukuncin, lambobi kake bi ko kallon wasa? Na gaji da amsawa guntu-guntu, toh ga yadda nake yi tun daga farko har ƙarshe. Kofin dai tun kakar 2022-23 sunan Hakeem Olajuwon yake ɗauke da shi, haifaffen Legas wanda ya ci kyautar a 1993 da 1994 kuma har yau babu wanda ya kamo shi a yawan bulok (wato kaɗe ƙwallon da aka jefa kafin ta isa kwando), 3,830, kaga ko don wannan bai kamata mu riƙa yin musun kan mai uwa da wabi ba.

Matsayata tun yanzu don kar wani ya ce na ɓoye: lamba aikinta ta rage maka mutane daga ɗari huɗu da wani abu zuwa huɗu ko biyar, amma ba ita za ta zaɓar maka ɗaya ba. Zaɓen ƙarshe sai ka zauna ka kalla. Sai dai kallon ma yana da ƙa'ida, in ba haka ba idonka zai yaudare ka fiye da yadda lambar za ta yi.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Waya ta isa, amma in kana da laftof ya fi, saboda teburan lambobin nan faɗi gare su, a waya sai ka yi ta ja hagu da dama har ka manta sunan wanda kake dubawa. Shafuka uku kyauta ne kuma sun ishe ka: ɓangaren lambobi na NBA.com, da Basketball-Reference, da PBP Stats. Akwai Cleaning the Glass, shi na kuɗi ne kuma da dala ake biya, amfaninsa yana cire mintunan ƙarshen wasa da an riga an gama cin juna an zuba yaran benci. Yana da kyau amma ba dole ba ne. Abin da zai ci maka kuɗi na gaske shi ne bidiyo: League Pass, wato rajistar kallon wasannin NBA ta intanet, in kana da hali, ga data, don cikakken wasa ɗaya ya haura awa biyu. Ka rage ingancin hoton zuwa matsakaici, ba fuskar ɗan wasa kake nema ba, ƙafafunsa da inda ya tsaya kake nema. Sai littafi ɗan sittin da biro, da iyafis. Iyafis ɗin zan faɗi amfaninsa a gaba.

Kuma kar ka kashe kanka da kallon kai tsaye. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka, a nan ƙarfe 1 na dare ne lokacin hunturu, na yammacin ƙasar kuwa sai wajen 4, kana cikin kallo za ka ji kiran assalatu. Wannan aikin ma maimaici ya fi dacewa da shi tunda kana buƙatar tsayarwa da mayarwa baya.

Mataki na 1: Fara cire waɗanda doka ta cire

Kafin ka ɓata data a kan kowa, duba yawan wasannin da ya buga. Tun kakar 2023-24 sai ɗan wasa ya buga aƙalla 65 cikin 82 kafin ya shiga takara, kuma galibin wasannin sai ya yi minti 20 a ciki kafin a ƙirga masa. Wato wanda ya rasa 18 ya fita, sai in ya faɗa cikin 'yar togaciyar da aka yi wa wanda rauni ya ƙare masa kaka a kusa da ƙarshe. Victor Wembanyama a 2024-25 yana gaba da kowa nesa ba kusa ba, bulok 3.8 a kowane wasa, sai aka gano gudan jini a kafaɗarsa ta dama a watan Fabrairu, ya tsaya a wasa 46, shikenan magana ta ƙare, Evan Mobley na Cleveland ya ɗauka.

Gargaɗi: kyautar ta kakar wasa ce zalla, ana jefa ƙuri'a kafin a fara filof, wato wasannin neman kofi da ake yi bayan kakar. Duk wanda ya kawo maka hujjar yadda Clippers suka ja Rudy Gobert, lokacin yana Utah, nesa da kwando a 2021 har Terance Mann ya zuba 39, ko tirin (jifan maki uku) da Luka Doncic ya ci a kan Gobert ɗin a 2024, ka ce masa wannan wani musun ne daban, mai daɗi ma kuwa, amma ba shi ake tambaya ba.

Mataki na 2: Duba ƙungiya kafin ka duba mutum

Shiga NBA.com, ɓangaren ƙungiyoyi, ka jera su bisa DEF RTG, wato makin da ake zura wa ƙungiya a kowane hari 100. Kar ka yi amfani da makin da ake zura musu a wasa ɗaya, don ƙungiyar da ke wasa a hankali tana tauna ƙwallo dole makin ya yi ƙasa ko da tsaronta ba wani abin kirki ba ne, mai gudu kuma nata ya yi sama. Rubuta goman farko. A kowace ka tambayi kanka, wa aka gina tsaron nan a kansa? Yawanci za ka fito da mutum takwas zuwa goma. Sai ka ƙara mutum ɗaya ko biyu daga ƙungiyoyin da ba su shiga goman ba amma kowa ya san dodanni ne.

Dalilin farawa da ƙungiya shi ne tsaro aikin mutum biyar ne kuma sakamakonsa a makin ƙungiya yake fitowa. Masu ƙuri'a ma haka suke yi: Minnesota ce ta ɗaya a 2023-24 Gobert ya ci, Boston ce ta ɗaya a 2021-22 Marcus Smart ya ci.

Amma fa a nan akwai rami. Ƙungiya mai ƙarfi sosai takan cutar da 'yan wasanta saboda an rasa wanda za a ba yabon. Oklahoma City ce ta fi kowa tsaro a 2024-25, amma ga Lu Dort ga Alex Caruso ga Jalen Williams ga Cason Wallace, kowa na ci, ba wanda ya fita zakka, kyautar ta tafi wani gari. A 2007 ma Bruce Bowen da Tim Duncan na San Antonio sun raba ƙuri'a tsakaninsu Marcus Camby na Denver ya wuce da ita da bulok ɗinsa. Duncan ɗin nan sau 15 yana shiga jerin gwanayen tsaro na shekara, ya yi ritaya bai taɓa riƙe kofin ba, abin har yau yana min ciwo. Haka kuma kar ka hukunta mutum don abokan wasansa ƙofa ce a buɗe, Wembanyama a shekararsa ta farko San Antonio wasa 22 kacal ta ci, shi kaɗai ba zai toshe rami biyar ba.

Mataki na 3: Kalli bulok da sitil, sannan ka rage musu daraja

Yanzu buɗe lambobin da kowa ya sani, bulok, sitil (ƙwace ƙwallo daga abokin hamayya), ribawun na baya (kama ƙwallon da abokan hamayya suka jefa ba ta shiga ba), da fawul. Rubuta su gefen kowane suna. Kar ka raina su, mutum ba ya yin bulok uku a wasa da sa'a, kuma sitil ya fi bulok tsada tunda shi kai tsaye ƙwallo ta dawo hannunku kuma sau da yawa kun tafi a guje babu kowa a gaba. Dyson Daniels na Atlanta ya yi sitil 229 a 2024-25, uku a kowane wasa, ba banza ya zo na biyu a ƙuri'a ba.

Matsalar ita ce a hari kusan 70 da babban ɗan wasa ke tsayawa tsaro a wasa ɗaya, bulok da sitil ɗinsa in sun yi yawa su kai biyar. Sauran sittin da ɗoriya fa? Takardar wasa ba ta ce komai a kansu ba. Kuma ko biyar ɗin ba duka ne riba ba. Bulok ɗin da aka maka wa 'yan kallo yana da daɗin gani amma ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya. Santan (dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwando) da ke tashi sama a kan kowace jifa yana barin nasa mutumin a ƙarƙashin kwando ya tsinci ribawun a sadaka. Gad ɗin (gajeren ɗan wasan da ke wasa nesa da kwando) da ke cacar sitil, in ya samu sau biyu ya kuskure sau shida, a shidan nan abokansa huɗu ne ke tsaron mutum biyar.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan. A 2015-16 Hassan Whiteside na Miami yana bulok 3.7, na yi ta cika baki a majalisa cewa in ba a ba shi ba an yi zalunci, har wani ƙanen abokina da bai kai ni shekaru ba ya miƙo min waya ya ce yaya duba nan, lambobin lokacin da yake fili da lokacin da yake benci ne, kuma tsaron Miami bai lalace ba in ya zauna. Na yi shiru na ce shayin ya huce a ƙaro min. Kawhi Leonard ne ya ci a shekarar.

Fawul kuma ka haɗa shi da mintuna. Jaren Jackson Jr. ya ci a 2023 da bulok 3.0, ya cancanta, amma fawul yana yawan zaunar da shi, minti 28 da 'yan kai yake yi a wasa. Mai tsaron da ke benci ba ya tsare kowa.

Gargaɗi: mutum ne ke rubuta bulok da sitil a gefen fili, ba na'ura ba. A Janairun 2023 an yi ta surutu cewa ana ƙara wa Jackson lamba a wasannin gida, NBA ta fito ta ƙaryata, waɗanda suka bi bidiyon ɗaya bayan ɗaya ma suka ga kusan duka halal ne. In kai ma ka yi shakka, a NBA.com kana danna lambar bulok ɗin mutum bidiyon kowanne zai fito, ka duba da kanka maimakon yaɗa jita-jita.

Mataki na 4: Yana fili, yana benci

Wannan ita ce lambar da ta fi kusa da abin da muke kira tasiri. A PBP Stats ko shafin ƙungiya a NBA.com ka nemo makin da ake zura wa ƙungiyar a hari 100 in yana ciki, da in ba ya ciki, ka ɗebe. In bambancin ya yi girma kuma ya dawwama shekara biyu uku, toh akwai magana.

Kar ka tsaya a jimillar kawai, buɗe cikinta. Abu huɗu nake dubawa: kashi nawa na jifan abokan hamayya ke zuwa daga bakin kwando in yana ciki, kashi nawa suke ci a wurin, sau nawa suke zubar da ƙwallo, da sau nawa suke samun ribawun na gaba, wato su sake kama ƙwallon da suka jefa ba ta shiga ba. Na farkon shi ne zinariya. In santa yana ciki mutane suka rage zuwa bakin kwando suka koma jifa daga tsakiya, wannan tsoro ne ya bayyana a lamba, kifi na ganinka mai jar koma. Gobert shekara da shekaru a Utah abin da ya riƙa yi kenan.

Gargaɗi biyu a nan kuma duka masu muhimmanci ne. Na ɗaya, wa ke canjinsa? In mai canjinsa gwani ne bambancin zai fito ƙarami ba don shi bai iya ba, in kuma mai canjin rariya ce zai fito kamar wani aljani. Na biyu, sa'ar tiri. Mai tsaro ba shi da iko sosai a kan ko jifan maki uku da aka yi a buɗe za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Idan ka ga abokan hamayya suna cin tiri ƙasa sosai in yana ciki, sama sosai in yana waje, kuma shi santa ne da ke tsaye a ƙarƙashin kwando, kaso mai yawa na bambancin nan iska ce, za ta wuce. Shi ya sa duba wannan lambar a watan Nuwamba ko Disamba ɓata lokaci ne, bari a wuce rabin kaka.

Mataki na 5: Lambobin kyamara da na dunƙule

Tun 2013-14 akwai kyamarori a saman duk filayen NBA da ke bin motsin kowa. A NBA.com ka shiga ɓangaren tsaro na 'yan wasa ka zaɓi jifan da ke ƙasa da ƙafa 6 daga kwando, za ka ga DFG%, wato kashin da ake ci in shi ne mai tsaro mafi kusa, da kuma bambancinsa da abin da masu jifan suka saba ci. Ga manyan mutane wannan lamba ce mai kyau, amma ka haɗa ta da yawan jifan da ya fuskanta, wanda ke tarar takwas a wasa ba ɗaya yake da mai tarar uku ba. Akwai kuma shafin da ke ƙirga taɓa ƙwallo, da tsayawa a ture ka a busa wa wanda ya ture ka fawul, da shafin da ke nuna wa ya tsare wa na tsawon hari nawa. Na ƙarshen nan shi ke taimakon gad da 'yan gefe irin su Dort da OG Anunoby da Herb Jones, don a nan za ka ga wa ake turawa kan tauraron abokan hamayya kowane dare, wa kuma ake ɓoyewa a kan wanda ba ya jifa.

Kyamara dai mafi kusa ta sani, ba ta san laifin wa ba ne. In gad ya bar mutuminsa ya wuce santa ya taho taimako a makare aka ci, a kan santan za a rubuta.

Sai lambobin dunƙule irin su EPM da DARKO da LEBRON, masu ƙoƙarin tace tasirin mutum daga na abokan wasansa. Ka duba biyu ko uku, in duk sun yarda a kan mutum ka riƙe, in sun saɓa ka sa alamar tambaya ka kai ta mataki na gaba. Waɗanda nake ce maka ka yi hattara da su su ne DRtg na mutum ɗaya da DWS, wasu lambobin tsaro biyu a Basketball-Reference, daga takardar wasa da ƙarfin ƙungiya ake haɗa su, shi ya sa za ka ga wani malalacin mai tsaro a ƙungiya mai kyau ya fito fes saboda yana kwasar ribawun.

Zuwa nan jerinka ya kamata ya dawo mutum huɗu ko biyar. In ya fi haka ka ƙara yankewa, don abin da ke tafe yana cin lokaci.

Mataki na 6: Zauna ka kalla, amma ba ƙwallo za ka kalla ba

Nan ne aikin yake. Kowane mutum ka zaɓar masa wasa uku aƙalla: ɗaya da ƙungiya mai ƙarfin hari, ɗaya da ƙungiyar da santanta ke jifan tiri ko take wasa da ƙananan mutane biyar, ɗaya kuma wanda ƙungiyarsa ta sha kashi. Kar ka zaɓi wasan da aka yi ta yaɗawa don ya yi bulok takwas. Kuma haramun ne, a wannan aikin dai, ka dogara da hailait na YouTube, su cin kwando suke nunawa, harin da ya mutu ba a yi komai ba ba ya shiga, alhali shi muke nema.

Ka raba shafin littafinka gida uku: ya gyara, ba ruwansa, ya ɓata. Duk harin abokan hamayya ka ɗora idonka a kansa shi kaɗai tun daga tsakiyar fili, ka ja layi ɗaya a gidan da ya dace. Da farko wuya gare shi wallahi, ido ya saba bin ƙwallo kamar yaro da balan-balan, za ka yi ta mayarwa baya. Bayan kwata biyu za ka saba.

Bari in nuna maka irin harin da nake nufi. Gad ya taho da ƙwallo, santansu ya zo ya yi masa sikirin, wato ya tare mai tsaronsa da jikinsa, mai tsaron gad ɗin ya maƙale a baya. Yanzu mutum biyu ne a kan santanku shi kaɗai, mai ƙwallo da wanda ya yi sikirin ya juya yana gangarowa kwando. Kalli ƙafafunsa. Gwani yana ja da baya a hankali, hannu ɗaya a sama yana rufe wa mai ƙwallo ganin kwando, ɗayan a ƙasa yana toshe hanyar fasin, bai ba wannan ba bai ba wancan ba, har mai tsaron da aka maƙale ya dawo. Gad ɗin ya kai layin fawul ya ɗaga kai ya ga dogon nan, ya yi kwana ya fito da ƙwallo waje, agogo ya rage saura 6, aka ƙare da wata jifar dole daga nesa ta daki ƙarfe. A takardar wasa santan nan bai yi komai ba, ribawun ɗin ma wani ne ya ɗauka. A littafinka layi ne a gidan ya gyara, kuma in ka ƙirga irinsa goma sha biyu a wasa ɗaya ka san da wa kake magana.

Ga 'yan gefe kuma abin dubawa daban ne: yana bin ta saman sikirin ko yana mannewa a jikinsa kamar ƙuda a miya, yana hana tauraro karɓar ƙwallo tun farko, in aka yi musanya ya faɗa kan wanda ya fi shi tsawo yana iya riƙewa ko sai an kawo masa ɗauki. Duk ɗaukin da aka kawo wa mutum rami ne aka buɗe a wani wuri, don haka wanda ba ya buƙatar ɗauki ya tsare mutum ɗaya da rabi.

Yanzu sa iyafis ɗin ka ƙara murya. A wasu wasannin, musamman in filin ya yi shiru, za ka ji mai tsaron baya yana ihu yana faɗa wa na gaba ta ina sikirin ke zuwa. Draymond Green a nan ya fi kowa, ko ba ka ji ba za ka ga hannunsa yana nuni yana tura abokinsa wani wuri tun kafin fasin ya tashi, wani lokaci ya bar nasa mutumin da gangan don ya san ba zai jefa ba. Bam Adebayo ma haka, ga shi yana iya musanya a kan kowa daga gad har santa. Babu shafin da ke ƙirga wannan. Marc Gasol da ya ci a 2013 bulok 1.7 kawai yake yi, Serge Ibaka na yin 3.0, amma masu ƙuri'a suka ba Gasol saboda shi ne ƙwaƙwalwar tsaron Memphis. Abin dariyar ma, kociyoyi da suke zaɓen jerin gwanayen tsaro a lokacin a layi na biyu suka sa shi, kaga ko masana ba bakinsu ɗaya ba.

Gargaɗi: ido yana da son kai. Yana son mai zafin nama, mai dukan ƙasa da tafi, mai faɗuwa kan ƙwallo, yana raina wanda ya riga ya tsaya a daidai tun farko har bai buƙaci gudu ba. Yana kuma tuna kuskure ɗaya mai muni, a ce an yi danki (tsalle a cusa ƙwallo cikin kwando da hannu) a kan mutum, ya manta gyara ashirin. Shi ya sa littafin, kar ka yarda da abin da ka tuna, ka yarda da layukan da ka ja. Sannan ka yi hattara da ɗora wa mutum laifin tsarin koci, santan da ke ja da baya yana barin jifan tsakiya sau da yawa umarni aka ba shi.

Mataki na 7: Haɗa su, ka warware saɓani

Ajiye lambobin mataki na 3 zuwa 5 a hagu, layukan littafinka a dama. In sun tafi tare, ka huta. In lamba ta ce gwani ne ido ya ce a'a, koma ka duba sa'ar tiri da abokan da yake shiga fili da su. In ido ya ce gwani ne lamba ta ce a'a, ƙara wasa biyu, wataƙila ka faɗa kan kwanakinsa masu kyau ne, wataƙila kuma son da kake masa ne ke ja maka biro, wannan yana faruwa da kowa.

Tambayar da nake raba gardama da ita in mutum biyu sun yi kunnen doki: in aka cire shi aka sa matsakaicin ɗan wasa a gurbinsa, tsarin tsaron zai tsaya ko sai koci ya sake shi gaba ɗaya? A nan ne manya ke rinjaye, kuma gaskiya ce mai ɗaci ga masoya gad. Santa yana da hannu a kusan kowane hari tunda kwandon a bayansa yake, gad kuwa ana iya jan shi gefe a yi wasa ba da shi ba. Daga Gary Payton a 1996 sai da aka shekara 26 kafin wani gad ya sake ci, Smart a 2022, kuma ko shi akwai masu cewa Robert Williams ne ainihin ƙashin bayan tsaron Boston kafin gwiwarsa ta samu matsala a ƙarshen Maris. Ni ban ce kar ka zaɓi gad ba, amma in za ka zaɓe shi sai littafinka ya nuna yana taɓa harin da ba a kan mutuminsa ake yi ba.

Mataki na 8: Cika ƙuri'arka kamar yadda suke cikawa

Masu zaɓen 'yan jarida ne da masu sharhi, kusan mutum 100, kowa ya rubuta suna uku, na ɗaya maki 5, na biyu 3, na uku 1. Kai ma ka rubuta uku, ba ɗaya ba, kuma gaban kowane suna ka sa dalili a jimla biyu, ɗaya daga lamba ɗaya daga abin da ka gani, da sunan wasan da ka gan shi. In ka kasa rubuta ta biyun toh ba ka kalla ba, koma mataki na 6.

Tsarin makin nan yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A 2015 Draymond ya fi Kawhi yawan waɗanda suka sa shi na ɗaya, 45 da 37, amma Kawhi ya ci da jimillar maki saboda wasu ba su sa Draymond a takardarsu ba sam. Don haka in sakamako ya fito ya saɓa da naka, kafin ka fara zagin mutane ka nemo takardun, NBA tana fitar da wanda kowane mai ƙuri'a ya zaɓa da sunansa. Ka sa kwanan wata a taka takardar, ka ɗauke ta hoto ka tura wa abokin musunka kafin a sanar, don kar ranar ta zo wani a cikinku ya ce ai dama shi ya faɗa.